Tantin da Na Wanke wa Lawali

Ɗigon ruwa ne ya fara komai. Wani hantsi ne a ƙarshen watan Satumba na shekarar 1994, ina zaune ina tsince shinkafa, maigidana Malam Isufu ya tafi shagonsa a unguwar Guillotière, ɗiyata Nafisa kuma tana lakwal, wato makarantar yara ƙanana, gidan shiru kamar ba kowa, sai na ji ɗis. Na ɗaga kai. Can an jima kuma ɗis. Na tashi na murɗa famfon wanke-wanke na ƙara matse shi, na leƙa banɗaki, ko'ina a bushe, na dawo na zauna, ban kai ga ɗaukar farantin ba na sake ji.

Masu karatu, wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba wani ya ba ni labari ba. Ni mace ce mai tsoron haɗuwarta da Allah, kuma na yi lakwal daidai gwargwado a Damagaram kafin a yi mini aure, ba na cikin masu ganin aljani a kowane lungu. A lokacin muna zaune a Vaulx-en-Velin, wajen garin Lyon, hawa na shida a cikin dogayen benayen nan da gwamnati ke ba talakawa haya.

Na bi ƙarar da kunne har ta kai ni ga almuwar ɗin bango da ke cikin 'yar hanyar da ta raba ɗakunanmu, abin da 'yan Nijeriya ke kira kabad. Na buɗe. A katako na biyu daga sama akwai wani wuri da babu komai, kuma a nan na ga ruwa ya taru kamar faɗin tafin hannu. Ina tsaye ina kallo wani ɗigo ya fito daga ƙarƙashin katakon da ke sama, ya kumbura, ya faɗo. Na shafa katakon da hannuna, a bushe yake ƙayau. Barguna ne a kansa, na sauke su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi ko danshi.

Wurin nan da babu komai, nan ne ma'ajiyar tantin ƙanena Lawali duk lokacin da ya zo mana. To sai na koma baya kaɗan in gaya muku ko wane ne shi, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Lawali uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni na goye shi, ni na koya masa alwala. Ya shigo Faransa kafin ni, kuma shi irin mutanen nan ne da ba sa son a ce sun zame wa wani nauyi, ko da ɗan'uwa ne. Aikin gona yake bi. In bazara ta yi yana tsinkar 'ya'yan itatuwa a gonakin kudancin Lyon, daga wannan gona zuwa waccan, in sanyi ya shigo sai ya haura Paris ya yi aikin sauke kaya a babbar kasuwa, ya kwana a gidan wani ɗan garinmu, Alhaji Sani, a unguwar Stains. A gonaki kuwa ba shi da ɗaki sai tantinsa.

Tantin nan ya saye shi ne a kasuwar gwanjo wajen wani Bature mai hawan duwatsu. Riga biyu gare shi, ta waje koriya, ta ciki rawaya, da wasu siraran sandunan ƙarfe guda uku masu naɗewa, in ka tattara shi duka ka cusa a jakarsa bai fi matashin kai girma ba, ko Nafisa tana iya ɗaga shi. Shekara bakwai yana tare da shi. In Lawali ya fara ba da labarin tantin nan sai ka rantse labarin wani doki yake bayarwa. Ya ce an taɓa yin ƙanƙara manya kamar goro ta lalata gonar mutumin da yake wa aiki gaba ɗaya, shi yana ciki yana jin ta kamar ana kaɗa ganga. Ya ce wata iska mai ƙarfi ta kwarin kogi ta taɓa yaye kwanon rumbun gona ta jefar, tantin ya kwanta har ya taɓa masa hanci, iska na wucewa ya miƙe abinsa. Dusar ƙanƙara ta taɓa danne shi har safiya, ya tura da ƙafa ta zube. Rana ta cinye masa launi, zif ɗinsa an sauya sau ɗaya, akwai faci guda inda tartsatsin wuta ya huda, amma a shekara bakwai ɗin nan ruwa bai taɓa shiga ya same shi ba. Maigidana in ya gan shi a bakin ƙofa da jaka a baya sai ya ce kunkuru ya iso da gidansa, shi kuma ya ce gara kunkuru, ba mai buga masa ƙofa ya ce ya rage ƙarar rediyo.

A farkon Satumban wannan shekara ya zo ya yi mana kwana goma kafin ya wuce Paris. Ranar Juma'a suka tafi masallaci da maigidana, daga can suka zarce shago, ni kuma ina gyaran almuwar na ciro jakar tantin, na buɗe, wani wari ya buge ni, hayaƙi da ƙasa da zufa na shekara bakwai. Tausayinsa ya kama ni. A gidanmu an koya mana baƙo ba ya barin gidanki da kaya masu datti, balle ƙanenki da ba shi da mata, uwarsa kuma tana can nesa. Na riga na wanke masa riguna da bargo, na ce wannan ma ba zai tsira ba.

Na cika bahon wanka da ruwan zafi, na zuba omo mai ƙamshin fure da nake ji da shi, na ƙara jabel, ruwan nan mai sa tufa fari, na jiƙa tantin ya sha, sannan na durƙusa da burushi. Ina gogawa wani farin abu yana fita daga jikin yadin kamar dusa, na ce kai, dubi datti. A kan kowane ɗinki kuma akwai wani siririn abu kamar leda a manne, ruwan zafi ya ɗaga shi, na bi na ɓare shi tas, ina murna ina cewa yau ɗan'uwana zai kwana a wuri mai tsabta. Na ɗauraye, na matse, na shanya a baranda cikin rana.

Da suka dawo Lawali ya gan shi a shanye, ya tsaya. Ya kama gefen yadin ya murza tsakanin yatsunsa, ya ɗaga shi sama ya duba ta hasken rana, ya daɗe yana dubawa.

"Yaya, wanke shi kika yi?"

Na ce e mana, ko bai ji ƙamshi ba?

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na ji. Allah ya saka da alheri."

Bayan ya tafi da kamar mako biyu, muna cin tuwo, na yabi kaina a gaban maigidana kan wankin nan, sai ya ajiye cokali ya ce shi fa ba zai iya riƙe maganar ba. Wai farin abin nan da na kankare shi ne maganin da ke hana ruwa ratsa yadin, ledar nan da na ɓare kuma ita ke toshe hudojin allura. Irin wannan tanti ba a wanke shi, sai dai a goge da tsumma mai danshi a shanya a inuwa. Lawali ya faɗa masa a tashar jirgi, ya kuma roƙe shi kada ya gaya mini. Maigidana ya ce su je ya saya masa sabo, ya ƙi, ya ce in ya karɓi sabo Yaya za ta gane, kuma za ta yi kuka. Kukan kuwa na yi shi a ranar. Abin da ya kwantar mini da hankali ɗaya ne, cewa yanzu lokacin sanyi ne, yana ɗaki a Stains, kafin bazara zan san dabarar da zan yi in musanya masa.

Ashe ba ya Stains. Takardunsa na zama sun ƙare a wannan shekara, 'yan sanda kuma suna yawan shiga gidajen baƙi, sai ya ce ba zai jawo wa Alhaji Sani da iyalinsa fitina ba, ya je ya kafa tantin da na kashe a cikin wani daji da ke bakin Paris, daga nan yake zuwa aiki. Ya hana Alhaji ya faɗa mana. Wannan duk daga baya na sani, amma na gaya muku tun yanzu don ku ga abin da ni ban gani ba.

To, mu koma ga almuwar. A ranar farko na goge ruwan na sa 'yar roba a wurin, zuwa azahar ya tsaya. Da maigidana ya dawo na nuna masa, ya ce famfon makwabta ne, in gaya wa mai gadin bene. Mai gadi ya zo da mai gyaran famfo, wani Bature mai ƙaton gashin baki, ya ƙwanƙwasa bango, ya hau sama ya duba gidan da ke kanmu, ya sauko ya ce Madam, babu bututu ko ɗaya da ya bi ta wannan bango, kuma sama a bushe take. Ya dube ni irin kallon nan na ko yarinyarki ce ta zuba.

Bayan kwana uku ɗigon ya dawo. Daga nan sai ya zama ba shi da lokaci. Wata rana da safe, wata rana da yamma, wata rana ya yi awa guda ya ɗauke, wata rana ya wuni. Akan yi kwana huɗu ba a ji shi ba har in fara sakin jiki, ina cikin guga sai in ji ɗis. Na lura ba ruwansa da saman Lyon. Ana zuba ruwa a waje robata a bushe, rana na haskawa a baranda robata na cika. Ruwan kuma sanyi gare shi kamar an ciro daga firiji, kuma in kika kai hanci sai ki ji warin jiƙaƙƙen ganye, a ƙarƙashinsa kuma wani ɗan ƙamshi da na sani amma na kasa tuna na mene ne. Wata safiya na tarar da ɗan guntun busasshen ganye yana yawo a cikin robar. Hawa na shida, cikin almuwar a rufe. Na riƙe ganyen nan a hannuna ina jujjuya shi.

Na daina cin abinci sosai. Na hana Nafisa wasa a hanyar nan, in za ta wuce sai na riƙe hannunta, ita kuwa ko a jikinta, har takan tsaya ta kara kunne a ƙofar almuwar in janye ta da ƙarfi. Maigidana da farko tsokanata yake yi, yana cewa Allah ya ba mu rijiya a bene mu ba mu gode ba, amma ranar da ya tsaya da kansa ya ga ɗigon ya fito daga busasshen katako, bai ƙara wannan wasan ba. Ya kwashe kayan ciki duka, ya cire katakon sama ma gaba ɗaya ya jingine. Wallahi ɗigon bai fasa ba. Daga inda katakon yake a da, daga iska kawai, yake taruwa ya faɗo.

A cikin waɗannan makonni Lawali ya kira ni sau biyu daga wayar kan titi. Ban gaya masa zancen ruwan ba, ban so in ɗaga masa hankali. A kira na biyu na daure na ce masa na ji abin da na yi wa tantinsa, ya yafe mini. Ya yi dariya, wata irin dariya mai sauƙi, ya ce in bar wannan magana, tanti yana nan ƙalau, ko ɗigo ba ya shiga. Na ɗauka lallashina yake yi. Ban tsaya na tambayi kaina ba, mutumin da ke kwana a ɗaki ta yaya ya san ko ɗigo na shiga tanti.

Akwai wata dattijuwa a hawa na uku, Hajiya Mariyama, 'yar Maraɗi, ita ce uwarmu a wannan bene, duk mai haihuwa ko mai rigima da miji wajenta take zuwa. Da ta ga na rame ta tsare ni sai da na faɗa mata. Ta hau da kanta tana haki, ta duba, ta tsoma yatsa ta shinshina. Sannan ta ce ɗiyata, wannan ba ruwan bango ba ne, aike ne, wani ya turo, kuma maigidanki shagonsa na tafiya, ba kowa ke so ba. Ta ce in yi alwala in karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi in tofa a wurin, sannan in ce sau uku abin nan ya koma inda ya fito. Haka ake yi a gida, ni ma na tashi na ga ana yi, in an tsinci wani ƙulli a bakin ƙofa ko ƙwai a bayan ɗaki. Amma na yi kusan mako ina jan ƙafa, don zuciyata ba ta son in mayar wa kowa da sharri, ko da shi ya fara.

Sai wata Alhamis a tsakiyar Nuwamba. Tun da hantsi abin ya tashi daga ɗigo ya koma zuba, siriri kamar an bar famfo a buɗe kaɗan. Sama a Lyon garau, sanyi kawai. Na zubar da roba sau huɗu, na kawo bokiti, shi ma ya kama hanyar cika, ruwa ya fara fantsama yana bin ƙasa zuwa ƙofar ɗakin da Nafisa ke barcin rana. Da na ga haka tsoro ya gama da ni. Na yi sallar la'asar, da alwalata na zo na tsaya gaban almuwar, na karanta abin da aka ce in karanta, na tofa, na ce ya Allah abin nan ya koma inda ya fito. Na faɗa sau ɗaya, sau biyu. Ina rufe baki a na uku ya tsaya cak, kamar an yanke da wuƙa. Na duba bokitin da ya kusa cika, babu komai a ciki sai danshi a gindi.

Na yi sujada a wurin. Washegari Juma'a na soya fanke na raba wa yaran bene sadaka, Hajiya Mariyama ta ce ai ta faɗa mini. Rabona da cin abinci da daɗi irin na ranar an daɗe.

Ranar Asabar da safe waya ta yi ƙara. Alhaji Sani ne daga Stains, mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi har kajin gidanku na Damagaram, amma ranar daga ina kwana sai ya ce ina Malam Isufu. Na ce ya fita, lafiya? Ya ce Lawali bai zo Juma'a ba, bai je aiki ba kwana biyu, kuma gaskiya, Allah ya huci zuciyata, wata biyu ke nan ba a gidansa yake kwana ba. Ya ce tun Alhamis ake ruwa a Paris kamar da bakin ƙwarya.

Ranar Lahadi muka bar Nafisa wajen Hajiya Mariyama, muka ce wa yarinyar bikin suna za mu je, muka hau jirgin ƙasa. Alhaji Sani ya tare mu ya kai mu dajin, muka bar mota a bakin titi muka shiga da ƙafa cikin taɓo, zanina duk ya ɓaci. Can tsakanin itatuwa na hango shi, koren nan da rana ta cinye. Yana tsaye daram, sandunansa ko lanƙwasa ba su yi ba, babu inda ya yage, igiyoyinsa a ɗaure yadda Lawali ke ɗaure su. Maigidana ya ja zif. Ciki ruwa ne kwance har idon sawu, don shimfiɗar ƙasan tantin mai kauri ce, ta riƙe shi kamar baho. Bargon da na wanke masa ya nutse, butarsa tana yawo a kai, Alƙur'aninsa kaɗai ya tsira, a cikin leda, a rataye a sama. Ƙamshin da ya fito ya buge ni kuwa, a nan na tuna shi. Omona ne.

Wani tsohon Bature da ke kwana a wata 'yar bukka kusa ya fito ya ce mana ranar Juma'a da safe ya ji tari, ya leƙa ya sami Lawali ba ya gane mutane, ya je titi ya kira masu ɗaukar marasa lafiya. Ya faɗa mana asibitin.

Muka same shi an sa masa robar iska a hanci, ya zube kamar ba shi ba. Likita ya ce sanyi ya kama masa huhu duka biyu, da an ƙara wuni guda da sai dai wani labarin. Maigidana da Alhaji suka bi likitan don maganar takardu, aka bar ni da shi. Na riƙe hannunsa. Shi ya fara magana, a hankali, yana tsayawa yana numfashi.

"Yaya, zan gaya miki wani abu, kada ki ce zazzaɓi ne."

Ya ce ya san tantin ya mutu tun ranar da ya gan shi a baranda. Ranar da aka fara ruwa a dajin ya zauna ya rufe kansa da leda yana jira. Yana gani yadin ya jiƙe ya yi baƙi, ruwa ya ratso, ɗigo ya taru a kan ɗinkin da ke saman fuskarsa, ya kumbura, ya saki, amma bai iso ba. Ya tara hannu, babu komai. Ya ce wata biyu haka, yana kwance yana kallon ruwa na faɗowa yana ɓacewa a tsakani, bargonsa a bushe. Bai gaya wa kowa ba don kada a ce ya taɓu, a ransa ya ce addu'ar Inna ce. Ranar Alhamis da ɗan mura a jikinsa bai je aiki ba, ruwa kuma ya fi na kullum, yana zaune yana jan carbi, sai kawai ya ji kamar an juye masa bokiti a ka, daga nan kuma ruwa ya ci gaba da zuba ta kowane ɗinki. Ba wurin zuwa, ba busasshen tufa, haka ya zauna a ciki har gari ya waye.

Na tambaye shi da wane lokaci.

"Na idar da la'asar ke nan, ko tashi ban yi ba."

Na ce ya yafe mini wankin da na yi. Ya so ya yi dariya tari ya sarƙe shi, ya ce wanki ai alheri ne. Ɗayan laifin ban iya faɗa masa ba, kuma har yau da nake rubuta wannan ban faɗa masa ba.

Ya yi mako uku a asibiti. Allah ya tashe shi, amma huhunsa ɗaya bai koma daidai ba, aikin ƙarfi ya gagare shi, a ƙarshe ya koma gida Damagaram, inda yake har yanzu da iyalinsa, in damina ta faɗi tari ya dawo masa. Tantin ya tafi da shi. Da na je gida bayan shekaru na tarar 'ya'yansa sun kafa shi a tsakar gida suna wasa, yadin bai yage ba, sandunan na nan, sai dai in an yi ruwa yana ratsa shi kamar rariya.

Na tambayi malamai uku a lokuta daban-daban. Ɗaya ya ce aljanu ne masu imani, ɗaya ya ce zumunci yana da asirin da ba mu sani ba, na ukun ya ce in yi istigfari in bar zancen. Ni ban san ko mene ne ba, ba zan ce muku na sani ba. Abin da zan ce wa 'yan'uwana mata shi ne, kayan da ba ki san kansa ba kada ki sa masa ruwa sai kin tambayi mai shi, komai kyawun niyyarki. Kuma in wani abu ya shigo miki gida wanda kika kasa ganewa, kada tsoro ya sa ki yi saurin cewa ya koma inda ya fito, don ba ki san wa ke zaune a can ba. Ki roƙi Allah alherinsa, ki nemi tsari daga sharrinsa, ki tsaya nan.

Ranar Talata muka dawo Lyon, maigidana ya zarce shago daga tasha, ni na biya hawa na uku na ɗauko Nafisa. A lokacin shekararta huɗu. Ba wanda ya gaya mata kawunta ba shi da lafiya, Hajiya ma ce mata ta yi bikin suna muka tafi, abin da Lawali ya faɗa mini kuwa ko maigidana ban gaya wa ba tukuna. Muka shiga gida, na durƙusa ina cire mata takalmi a 'yar hanyar nan, ita kuma idonta na kan almuwar. Sai ta dafa kafaɗata ta ce:

"Mama, Kawu ya jiƙe ko? Da kin bari ya ci gaba da zuba a nan. Mu ai muna da roba."